Bashin da yunwa ke bin jiki bayan shekara arba'in

Kawuna ba shi da takardar haihuwa, amma ba a gardamar shekarunsa a gidanmu. An haife shi a wani ƙauye kusa da Ƙauran Namoda a shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira, wato 1973, lokacin farin da ya ƙone gero tun bai fitar da kai ba, ya kuma ƙarar da shanu daga nan har Nijar da Mali. Kakata, Allah Ya jiƙanta, da tafasa da kunun dusa ta reni cikinsa. Yaro ya zo, ya rayu, ya yi noma, ya yi dako, daga baya Allah Ya buɗa masa ya kama shago a Gusau har ya ajiye ɗan tumbi. Shekara uku da suka wuce aka auna shi aka ce hawan jini, aka sake aunawa aka ce har da suga. Ranar da na je gaishe shi na tarar yana jujjuya ƙwayoyin magani a tafin hannu, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ni da nit tashi ban san ƙoshi ba, ina nig gamu da ciwon masu kuɗɗi?"

Dariya muka yi a lokacin. Daga baya na gane cewa amsar na iya kasancewa a cikin tambayar tasa. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, kuma ba likitan da zai rantse cewa farin 1973 ne ya jawo wa Kawu ciwonsa. Amma an shafe shekaru kusan hamsin ana bin diddigin mutanen da yunwa ta same su suna ciki ko suna goye, a ƙasashe daban-daban, kuma abin da aka gano ya shafi Zamfara da Kebbi fiye da yadda muke zato.

Mu a nan, da abu biyu muke auna yunwa: kabari, da ɗan zaren awon nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. A watan Yunin 2024 an auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa, kashi 5 kuma mai tsanani ce. Ana ba yaro ƙunshin haɗin gyaɗa da madarar nan, bayan 'yan makonni kumatu su fito, zare ya koma kore, a sallame shi a rubuta ya warke. Aiki ne na ceton rai, ba mai raina shi. Sai dai kalmar "ya warke" ta fi ƙarfin abin da ya faru. A Malawi an koma an nemo yaran da aka yi wa jinyar tamowa mai tsanani shekara bakwai bayan sallamarsu, aka tarar sun fi 'yan'uwansu da sa'o'insu na unguwa gajarta, tsokarsu ba ta kai ba, ko damƙar hannunsu ba ta kai ƙarfin ta sauran ba.

Inda aka fi fahimtar wannan al'amari shi ne ƙasar Holan, kuma yaƙi ne ya kawo shi. A ƙarshen 1944 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar, hunturu ya zo da tsanani, ruwan da jiragen dako ke bi ya daskare. Daga Disamba zuwa Afrilun 1945 rabon abincin babban mutum ya faɗo tsakanin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 400 zuwa 800 a rana, alhali yana bukatar sama da 2,000. Mutane suka koma cin saiwar furanni. Kimanin 20,000 suka mutu kafin a 'yantar da yankin a watan Mayu. Abin da ya sa masu bincike suka rungumi wannan masifa shi ne tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, mutanen ƙoshi ne kafin ta da bayanta, kuma ungozomomin asibiti ba su daina rubutu ba ko da su ma yunwar suke ji: ranar haihuwa, nauyin jariri, tsawonsa, duk suna takarda. Don haka ana iya cewa wannan yunwa ta same shi yana wata biyu a ciki, wancan kuma yana wata takwas.

Bambancin watannin ya zama babba. Waɗanda yunwar ta riska a ƙarshen ciki an haife su ƙanana, kuma da suka kai shekara hamsin jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na sauran ba. Waɗanda ta riska a tsakiyar ciki an fi ganin alamun rauni a ƙodarsu da hanyoyin numfashinsu. Abin mamakin yana ga waɗanda ta riska a farkon ciki. Su da nauyinsu daidai aka haife su, domin abinci ya dawo kafin uwayensu su sauka, duk wanda ya gan su a zanen goyo zai ce sun tsira. Amma su ne ƙiba ta fi kamawa, kamar yadda aka gani a 1976 da aka duba bayanan samari kusan 300,000 da aka auna don aikin soja suna da shekara 19. Su ne ciwon zuciya ya fi samu, kuma nau'in taɓin hankalin nan mai sa mutum jin muryoyi da ganin abin da babu ya ninka a cikinsu. An sake ganin wannan ninkin na taɓin hankali a ƙasar Sin, cikin waɗanda aka haifa a yunwar 1959 zuwa 1961.

Yaya yunwar 'yan watanni za ta jira shekara hamsin kafin ta nuna kanta? Ɗan tayi magini ne da aka ba wa'adi, ba a kuma ƙara masa rana. In tubali bai isa ba, ba ya tsayar da gini, sai ya zaɓi inda zai sa. Ƙwaƙwalwa yake fara ba haƙƙinta, sauran su yi haƙuri: ƙoda, hanta, tsoka, da gaɓar da ke fitar da sinadarin insulin mai daidaita suga a jini. Ɗauki ƙoda. A cikin kowace akwai 'yan mitsi-mitsin matatai, wajen miliyan guda ga mai rabo, kuma ana gama ƙera su ne wajen mako na 36 na ciki. Daga nan an rufe, ko da nama da madara aka yi renon yaro ba za a ƙara ko ɗaya ba. Wanda ya fito da kaɗan zai yi ƙuruciyarsa lafiya, domin kaɗan ɗin sun ishi ƙaramin jiki. In ya girma ya yi nauyi, ga gishiri ga dunƙulen miya kullum, sai matatan su riƙa aikin da ya fi ƙarfinsu, jini ya hau, hawan jinin kuma ya koma yana cinye su. Haka tsoka: ita ce murhun da ke ƙone suga, wanda aka gina da ƙaramin murhu kuwa itace kaɗan ke cika masa shi.

Akwai kuma wani sawu da ya fi wannan ɓoyuwa. A 2008 aka ɗebi jinin wasu daga cikin mutanen Holan ɗin, suna da shekara sittin, aka gwada da na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da ba su sha yunwar a ciki ba. Ƙwayoyin gadonsu ba su sauya ba, amma 'yan alamomin da ke manne a kan wata ƙwayar gado mai kula da girma, wadda ake kira IGF2, sun ragu. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan da sauri. Babbaƙu suna nan yadda aka gada, wasali ne ya canja, kuma in wasali ya canja karatu ya canja.

Wani likitan Ingila, David Barker, shi ya fi kowa yayata wannan fahimta. A 1986 ya nuna cewa yankunan Ingila da suka fi talauci da mutuwar jarirai a shekarun 1920 su ne suka fi mutuwa da ciwon zuciya bayan shekara hamsin, a lokacin da kowa ke ɗaukar ciwon zuciya cutar masu hali ce, kamar dai yadda Kawu ya ɗauka. A 1992 shi da abokin aikinsa Nicholas Hales suka ce jikin da aka gina cikin rashi jiki ne mai tattali: ya karanta daga jinin uwa cewa duniyar da zai fito ta yunwa ce, sai ya shirya rowa, ya riƙa ɓoye duk abin da ya samu a matsayin kitse, musamman a tumbi. In yunwar ta ci gaba, shirin ya yi rana. In kuwa abinci ya zo, shirin ne ke zama cuta. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin birnin Leningirad na Rasha, wanda Jamusawa suka yi wa ƙawanya daga 1941 zuwa 1944. Yunwar can ta fi ta Holan muni nesa ba kusa ba, amma binciken da aka yi kan waɗanda ta riska a ciki bai ga ƙarin ciwon suga ba, kuma ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne su ba su faɗa cikin wadata nan take ba.

To kada wani ya ce ai mu ma ba wadatar za mu faɗa ba, saboda haka mun tsira. Abincin da ke tayar da wannan bashi ba na attajirai ba ne. Taliya ce da manja, garin kwaki da suga, shayi mai cokali huɗu, burodi, lemon kwalba, farar shinkafa ba ganye ba wake. Shi ne abinci mafi araha a bakin tasha, kuma shi ne yaron da aka gudo da shi daga ƙauye zuwa kangon gini a gefen Gusau ko Anka zai girma a kai, ba gona, ba tafiyar ƙasa, wuni a kan babur ko a bakin teburin caji. An riga an ga irin haka a ƙasar nan. A 2009 aka auna 'yan kasuwa 1,339 a Inugu, waɗanda aka haifa tsakanin 1965 da 1973. Waɗanda aka haifa a tsakiyar yunwar yaƙin Biyafara sun fi waɗanda suka zo bayanta hawan jini, sugansu ya fi hawa, ƙugunsu ya fi kauri, alhali shekara arba'in kawai suke.

Misalin da ya fi kama da mu kuwa yana Gambiya. Can ma manoma ne masu damina guda, rumbu kan ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, mata na duƙe a gona da ciki, ga zazzaɓin cizon sauro. A ƙauyukan yankin Keneba an riƙa rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. Da aka tattara bayanan a 1997, sai aka ga waɗanda aka haifa a watannin yunwar damina, bayan sun wuce shekara goma sha biyar, sun fi sauran mutuwa da ƙuruciya kusan ninki huɗu, bayan shekara ashirin da biyar kuma har wajen ninki goma, yawanci ta cututtuka masu yaɗuwa, abin da ke nuna garkuwar jiki ma ana iya gina ta da ƙarancin tubali. Da aka gwada irin wannan lissafi a karkarar Senegal ba a sami haka ba, don haka magana ba ta ƙare ba. Amma ta isa ta sa mu sake kallon Yuli da Agusta, watannin da kowace shekara, ko babu fari ko babu ɗan bindiga, tukunyar talaka ke komawa sau ɗaya a wuni.

Gaskiya ta wajaba a nan, domin akwai masu ɗaukar irin wannan bincike su mai da shi hukuncin kisa. Haɗari ne ke ƙaruwa, ba ƙaddara aka rubuta ba. Yawancin 'ya'yan yunwar Holan sun tsufa sun ga jikoki. Wasu binciken na ƙasar Sin an soke su da cewa sun gwada 'ya'yan yunwa da mutanen da ba su kai su shekaru ba, alhali shekaru kaɗai na kawo suga da hawan jini. A ɗaya gefen kuma, waɗanda ake aunawa su ne suka rayu, mafiya rauni an binne su tun suna jarirai, don haka lissafin na iya rage ɓarnar maimakon ƙara ta.

Kakanninmu sun san yunwa har suna raɗa mata suna: Kakalaba ta 1914, 'Yar Gusau ta 1942, sannan farin 1973 da na 1984. Kowace takan zo ta yi shekara ɗaya ko biyu ta wuce. Ta yanzu daban ce. Ruwa na sauka, ƙasa na nan da albarkarta, madatsar Bakolori na nan, amma fiye da shekara goma ke nan manomi a sassan Zamfara sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani kuma ya bar gonar gaba ɗaya. Shanun da ke ba yara nono an kore su. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe aka katse layukan waya don a matse ɓarayin daji, matsin ya faɗa har kan tukunyar gida. Yunwar Holan wata shida ta yi, ana kuma ganin sawunta har yau. Mu kuwa shekara goma sha wani abu ke nan a jere muna tara 'ya'yan da aka haifa cikin yunwa.

Kebbi ta nuna cewa ba sai da bindiga ba. Jihar shinkafa ce da kifi, ga fadamun Argungu da Suru, ga kogin Kwara ta Yawuri, amma a ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 kashi 66 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, mafi yawa a Najeriya, inda jimillar ƙasa take kashi 37. Tsumburewa ba ta da hoto mai tayar da hankali kamar ramewa. Yaro na wasansa, sai dai ɗan shekara biyar kamar ɗan uku, mu kuma mu ce gajartar gidansu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yaran da suka sami kulawa mai kyau a ƙasashe shida, ciki har da Gana da Indiya da Amurka, ta tarar kusan tsawo ɗaya suke yi a shekarun farko. In yara biyu cikin uku sun gaza ma'auni, ba gado ba ne, kunu ne tsararo ba gyaɗa ba nono, da gudawa a kai a kai, da yayen dole saboda rurrutsa. Shekarun da ƙashi ke tsayawa kuma su ne ƙwaƙwalwa ke yin mafi yawan girmanta, shi ya sa ake maganar kwana dubu, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. A yankunan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, abin ya zama biyu, domin hanjin yaron da ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe a jini ya fi zuƙar dalma.

Ga mace kuwa bashin ba a kanta yake tsayawa ba. Yarinyar da ta tsumbure takan zama gajeriyar uwa mai matsattsen ƙugu. In ta ɗauki ciki tun ita ma ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikin ke rabon abin da bai ishi mutum ɗaya ba. Ko dai ɗan ya zo ƙarami ya ɗora daga inda ta tsaya, ko ya zo daidai ƙugu ya ƙi ba shi hanya, a yi doguwar naƙuda, a ƙare a ɗakin masu yoyon fitsari. Ƙwayayen haihuwar 'ya mace ma tun tana cikin uwarta ake ƙera su, wato abin da kaka ta ci da ciki ya taɓa irin da za a yi jikanta da shi. Ko hakan na sauya lafiyar jikoki, shaidar da ake da ita a kan mutane ba ta yi ƙarfin ta 'ya'ya ba tukuna.

Ni a ganina, wannan duka yana nuna mun sa ido a wurin da bai isa ba. Tallafi na zuwa ne bayan damtse ya shiga ja, alhali rabin ginin an gama shi tun kafin a yanke cibiya. Wadda ya kamata a fara zuba wa ita ce mai ƙaramin ciki, wadda ko sanarwa ba ta yi ba don kunya, kuma a gidajenmu ita ce ta ƙarshe: a fitar da kwanon maigida da na baƙi da tsokar nama, a ba yara, ita ta kankare ƙanzo. Har yanzu akwai masu hana ta cin abu mai maiƙo kada ɗa ya yi girma ya ba ta wuya, akwai masu matse dakashi su zubar, akwai masu hana yaro ƙwai kada ya yi sata, ƙwan kuma a kai kasuwa. Waɗannan ba sai an jira gwamnati ba. Kuma ƙaramin abu na yin nisa. A Gwatemala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai madara da sinadaran gina jiki, wasu ƙauyukan kuma ruwan zaƙi kawai. Bayan shekaru talatin, mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin 100. A Jamaika ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar yaran da suka riga suka tsumbure duk mako, suna koya wa uwaye wasa da hira da su, bayan shekara ashirin samunsu ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kashi 25. Gero da waken suya da gyaɗa, in aka soya aka niƙa tare, ba su gaza kunun Gwatemala da yawa ba, kuma duk ana noma su daga Tsafe har Zuru.

Su kuma manyan da aka riga aka gina, 'yan 1973 sun haura hamsin, 'yan 1984 sun shiga arba'in. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce sanarwarsa ta farko, mu kuma mu ce iska ce ta buge shi. Awon jini a ƙaramin asibiti ko kantin magani bai kai kuɗin katin waya ba. Wankin ƙoda kuwa gona yake ci, sannan ya ci gida.

Da na koma wurin Kawu da wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko su Turawan sun faɗi nauyin da ya kamata a haifi mutum da shi. Na ce ƙasa da kilo biyu da rabi shi ake kira ƙarami. Ya ce to shi nawa ya yi? Ba wanda ya sani. A ɗaki aka haife shi, kamar yadda har a 2018 haihuwa 7 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a Kebbi, Zamfara ma ba ta yi mata nisa ba. Sai Inna, yayarsa, ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce ita dai ta tuna a ƙwaryar fura aka yi masa wankan farko, kuma bai cika ta ba.